Tumatir ya ƙi ja, attarugu ya tsaya kore: tambayoyi da amsoshi ga masu gidan gilashi bayan bazarar da ba ta yi zafi ba

Duk shekarar da bazarar Birtaniya ta zo da hadari da yayyafi, da watan Satumba ya kama sai a ga tambaya iri ɗaya tana ta yawo tsakanin 'yan'uwanmu mazauna Landan da Manchesta da Bamingham, har zuwa Gilasgo, waɗanda ke da ɗan gidan gilashi na renon shuka a bayan gida ko rumfar leda a filin lambun haya. An sha wahalar reno tun hunturu, shuka ta yi 'ya'ya, amma 'ya'yan sun tsaya kore shar, ga sanyi yana ƙaratowa. Haka aka yi a 2012, lokacin da aka sami bazarar da ta fi kowace ruwa cikin shekara 100, aka kuma sake gani a 2024, wadda hukumar yanayi ta ƙasar ta ce ba a yi mai sanyinta ba tun 2015. Ga amsoshin tambayoyin da suka fi yawa.

Tumatir ɗina ya yi 'ya'ya jingim amma ya ƙi ja. Rashin hasken rana ne?

Rashin ɗumi ne ya fi komai. Ganye ne ke buƙatar haske don ya haɗa abincin da zai cika 'ya'yan, amma da zarar tumatir ya ƙosa, nunarsa ba ta jiran rana. A cikin duhun durowa ma yana ja. Abin da ke tafiyar da aikin wata iska ce mai suna etilin da tumatir ɗin ke fitarwa daga jikinsa, ita ke tausasa shi, ta kore korensa, ta sa ya haɗa sinadarin laikofin mai ba shi launin ja. Wannan aiki ya fi tafiya daidai tsakanin digiri 20 zuwa 25 a ma'aunin salshiyos. Idan aka sauko ƙasa da 13 sai ya yi nawa, ƙasa da 10 kuwa kusan tsayawa yake yi, kuma idan sanyin ya daɗe yana dukansa ɗanɗanon ma lalacewa yake yi ko da daga baya ya ja.

Gilashi yana tara zafi da rana, amma da dare ba ya riƙe shi sosai. Da asuba, cikin gidan gilashin da ba a ɗumama ba bai fi waje da digiri ɗaya ko biyu ba. Saboda haka ku nemi ma'aunin zafi mai ajiye mafi ƙarancin na dare da mafi yawan na rana, ku rataye shi daidai tsayin 'ya'yan, ba can kusa da rufi ba. Shi zai gaya muku gaskiyar abin da shukar ke sha da dare, lokacin da kuke barci.

Ta yaya zan gane koren da zai nuna da wanda ba zai nuna ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, domin kore iri biyu ne. Akwai ƙosasshen kore, akwai ɗanye shataf. Ku ɗauki ɗaya, ku juya gindinsa inda fure ya faɗi. Wanda ya ƙosa korensa ya yi haske, fatarsa tana sheƙi, sau da yawa ana ganin wasu fararen jijiyoyi sun bazu daga tsakiya kamar tauraro. Ɗanyen kuwa korensa duhu ne, dishi-dishi, da tauri kamar dutse.

In ana shakka a sadaukar da guda ɗaya, a raba shi biyu da wuƙa mai kaifi. Idan ramukan ciki sun cika da ruwa mai yauƙi, ƙwayoyin iri kuma suka zame suka kauce wa bakin wuƙa, to ya ƙosa, kuma duk sa'o'insa na wannan gungu da masu girmansa za su nuna a cikin gida. Idan wuƙa ta yanka ƙwayoyin, ciki kuma a bushe yake, wannan ba zai yi jan kirki ba ko an ajiye shi wata guda, sai dai ya yanƙwane.

Wanda gindinsa ya riga ya fara sauya launi, ko da ɗan ɗigo ne na ruwan hoda ko ɗorawa, ya wuce tambaya. A tsinke shi yau a shigar da shi ɗaki, ɗanɗanonsa ba zai bambanta da na wanda ya nuna a jikin uwa ba sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Me ya kamata in yi wa shukar kanta yanzu?

Ku hana ta sabon aiki. Tumatir ɗin da ke hawa igiya ba ya daina tsawo da fure da kansa, sai sanyi ya kashe shi. Daga buɗewar fure zuwa nuna ana ɗaukar mako bakwai zuwa takwas a yanayi mai ɗumi, don haka furen da ya buɗe a Satumba sai Nuwamba zai isa, kuma a lokacin babu ɗumin babu hasken. A Landan yini yakan kai awa 16 da rabi a ƙarshen Yuni, ya koma 12 a ƙarshen Satumba, ya sauka ƙasa da 10 kafin Oktoba ya fita. Lissafin bai fita.

To a datse kan shukar, a bar ganye biyu a saman gungu na ƙarshe da ake sa ran zai yi. Ƙa'idar masu lambu a nan ita ce gungu shida ko bakwai a cikin gilashi, huɗu a waje, amma a shekarar da bazara ta gaza gara a tsaya a biyar. A tsige duk sabon fure, da tohon da ke fitowa tsakanin ganye da kara, da 'yan ƙananan 'ya'yan da ba su kai goro ba. Mutane da yawa hannunsu ba ya iya wannan, suna ganin asara ce. Asarar gaskiya ita ce a bar shuka ta raba ɗan ƙarfin da ya rage mata tsakanin 'ya'ya hamsin, a tashi babu ko goma masu kyau.

Batun ganye kuma a yi a hankali. A cire na ƙasa da gungun da ke nuna, da masu rawaya ko tabo, don iska ta ratsa, rana kuma ta ɗumama 'ya'yan. Amma kada a tuɓe shukar tsirara. Ganyen sama ne ke haɗa zaƙin, wanda ya aske su duka zai sami jan tumatir mai lami.

Ruwa da taki fa, a ci gaba ko a daina?

A rage ruwa sannu a hankali, har ƙasa ta riƙa ɗan bushewa a sama kafin a sake bayarwa. 'Yar ƙishirwa tana sa shuka ta maida hankali ga nunar da abin da ke jikinta, ɗanɗano ma yana ƙaruwa. Abin gudu shi ne a bar ta ta bushe ƙayau sannan a kwarara mata ruwa, nan take fatar 'ya'yan za ta tsage. A ba da ruwan da safe, a gindi, kada ya taɓa ganye.

Duk takin da naitirojin ya yi yawa a cikinsa, irin su yuriya da kashin kaji, a ajiye shi sai baɗi, ganye kawai yake ƙarawa. Takin ruwa na tumatir mai yawan fotash, kamar Tomorite da ire-irensa, shi ke taimaka wa launi ya fito bai-ɗaya, ana iya ci gaba da shi har tsakiyar Satumba. Bayan nan saiwa ta yi sanyi, ba ta jan abin kirki, kuɗinku kawai kuke zubarwa.

In rufe ƙofa da tagogi don zafi ya taru?

Da dare a rufe, tun kafin rana ta faɗi, don a kama ɗumin yamma. Da safe kuwa a buɗe, ko da sanyi-sanyi, na 'yan awoyi. Duk wanda ya shiga gidan gilashi da sassafe a watan Oktoba ya san yadda gumi ke taruwa a jikin rufi, yana ɗiga a kan ganye da wuyan mutum. Wannan laimar ita ke kawo furfurar funfuna mai launin toka, wadda ke fara kama wurin da aka yanke ganye ko busasshen furen da ya maƙale a jikin ɗa, daga nan ta ci kara. Funfuna ta fi sanyi saurin cinye amfani a wannan lokaci.

Idan an shafa wa gilashin farin fenti ko an rataya ragar inuwa saboda bazara, a cire, a wanke gilashin ciki da waje. Da dare a lulluɓe shukar da farin mayafin lambu, yana ƙara kamar digiri biyu, da safe a yaye. Jarkoki cike da ruwa da aka jera a gindin shuka ma suna shan zafin rana su sake shi da dare, kaɗan ne amma da babu gara ba daɗi.

Ko in sayi hita?

Don tumatir kaɗai bai cancanta ba. Kuɗin wutar da zai riƙe gidan gilashi a digiri 15 dare bayan dare ya fi kuɗin tumatir ɗin, alhali ɗakin girkinku yana da wannan ɗumin kyauta. In akwai attarugu mai yawa da ya kusa, ƙaramar hitar lantarki mai kunna kanta da kashewa, a saita ta a digiri 10 zuwa 12 na mako biyu ko uku, tana iya biyan kanta. Mai aiki da kananzir tana fitar da tururin ruwa, wato tana ƙara laimar da ake gudu, kuma dole a bar mata kafar iska.

Yaushe zan haƙura in tsinke, kuma yaya ake nunarwa a ɗaki?

Da zarar dare ya fara zama ƙasa da digiri 10 a jere, ko aka yi hasashen raɓar ƙanƙara, a kwashe duk ƙosassun. A yawancin Ingila wannan yakan faɗo tsakanin ƙarshen Satumba da tsakiyar Oktoba, a Sikotland kuma ya fi haka wuri. Tumatir ɗin da ƙanƙara ta taɓa ya tashi daga aiki, ruwa yake zama.

A tsinka da ɗan guntun karansa, a ware masu rauni ko tsaga, a goge laima. A jera su a kwali, jeri ɗaya, a shimfiɗa jarida a ƙasa a rufa wata a sama, a ajiye a wuri mai digiri 18 zuwa 21. A wannan ɗumin ƙosasshen kore yakan ja cikin mako biyu. A wuri mai digiri 13 yana kai wa kusan mako huɗu, kuma wannan dama ce: a raba su kashi biyu, wasu a ɗumi wasu a ɗan sanyi, kada su nuna rana ɗaya su fi ƙarfin tukunya.

In ana sauri a sa nunanniyar ayaba ko tuffa a cikin kwalin, domin su ma suna fitar da etilin. Dabarar da ake yi a gida ce ta rufe mangwaro ko ayaba a buhu, ba wani sabon abu ba. Takarda ko kwali za a yi amfani da shi, ban da leda, don leda tana tara gumi. Kuma a riƙa dubawa kowane kwana biyu, wanda ya fara ruɓa a fitar da shi kafin ya shafa wa maƙwabtansa.

Wasu suna tumɓuke shukar gaba ɗaya su rataye ta kai ƙasa a gareji. Yana yi, in garejin ba ya sanyi, amma bai fi kwali ba.

Bakin taga fa? Firij fa?

Bakin taga yana yi saboda ɗumin ɗakin, sai dai da dare jikin gilashi yana sanyi, a ɗan janye su. Firij kuwa ko kusa: koren tumatir da ya daɗe a ciki ba ya nuna daidai.

Na sa attarugu da tattasai a kwali da ayaba, ba su ja ba, sai yanƙwanewa. Me ya faru?

A nan ne hanyar tumatir da ta dangin barkono ta rabu, kuma a nan mutane suka fi yin asara. Tumatir yana cikin 'ya'yan itatuwan da ke ƙarasa nuna bayan an tsinke su. Tattasai da attarugu ba haka suke ba, etilin ɗin da suke fitarwa kaɗan ne, wanda aka ba su daga waje ma bai cika motsa su ba. Wanda ya riga ya fara juyawa, ya yi duhu-duhu kamar ƙasa-ƙasa a kafaɗa ko ya nuna ɗigon ja, zai ƙarasa cikin 'yan kwanaki a ɗaki mai ɗumi. Wanda aka tsinka kore shar, yawanci a kore zai bushe.

Don haka dangin barkono a bar su a jikin uwarsu, uwar ce za a kai wa ɗumi. In a tukunya suke, a ɗauko tukunyar a shigo da ita ɗaki, a ajiye a tagar da ke fuskantar kudu. Kafin a shigo a duba bayan ganye da kyau saboda darɓa da farin ƙuda, don a ɗumin ɗaki suna hayayyafa da sauri. A tsige furanni da ƙananan 'ya'ya kamar yadda aka yi wa tumatir, a rage ruwa. Daga cikar girma zuwa ja, tattasai yana ɗaukar mako biyu zuwa huɗu, ya danganta da ɗumi.

Attarugu ya fi su duka nawa. Asalin danginsa yankin Amazon ne mai zafi da laima, kuma bayan dashe yana son kwana 90 zuwa 120 na ɗumi kafin ya nuna. Bazarar Ingila ko mai kyau ce da ƙyar take ba shi wannan. Wanda attarugunsa ya tsaya kore a shekara irin wannan kada ya zargi hannunsa. Kuma koren da ya cika girma yana da yaji, ƙamshin ne bai kai na ja ba, ana iya daka shi ko a sa a firiza.

Da gaske ne attarugu yana iya ƙetare hunturu?

Ƙwarai, kuma ga mai zama a ƙasar sanyi wannan ita ce dabarar da ta fi kowace riba. Barkono ba shukar shekara ɗaya ba ce, sanyi ne ke kashe shi. Bayan an gama tsinka, a rage rassan a bar kamar kashi ɗaya cikin uku, a ajiye tukunyar a wuri mai haske da ba ya sauka ƙasa da digiri 10 zuwa 12, a riƙa ba da ruwa kaɗan, don jiƙaƙƙiyar ƙasa mai sanyi ita ke ruɓar da saiwa. Ganye zai zube, kara zai tsaya kamar matacce, kada a jefar. In an ɗan kankare ɓawon da farce aka ga kore a ciki, yana da rai. Wajen Maris zai yi toho, a sake masa ƙasa, kuma zai riga wanda aka shuka daga iri yin fure da makonni. Ba duka ne ke tsira ba, saboda haka a ajiye fiye da guda ɗaya.

Ganye ya yi baƙin tabo, kara ma haka, 'ya'yan suna yin ƙasa-ƙasa. Sanyi ne?

Wannan alamar cutar bilait ce, wadda ta hallaka dankalin Ayaland daga 1845 ta jawo yunwar da tarihi bai manta ba. Iska ke ɗauko ta, kuma tana son laima da ɗan ɗumi: kwana biyu a jere da zafi bai sauka ƙasa da digiri 10 ba, tare da awa shida ko fiye na laima kashi 90 cikin ɗari a kowace rana, shi ne ma'aunin da ake gargaɗi da shi a Birtaniya. Bazara mai ruwa kenan. Gilashi yana karewa sosai tunda ganye ba ya jiƙa, amma takan shiga ta ƙofa ko ta inda rufi ke yoyo.

A jikin ɗa tabon yana da tauri, ƙasa-ƙasa, kamar an ƙona fatar daga ciki. In kun gan shi a kara, kada ku jira gobe. A tsinke duk masu tsabta, a ajiye su daban da na sauran shuke-shuke, a riƙa dubawa kullum, domin wasu sun riga sun kamu, sai bayan kwana uku ko huɗu tabon zai fito. Shukar kuma a tumɓuke a sa a kwandon sharar lambu na ƙaramar hukuma ko a binne da zurfi, kada a zuba a tarin takin gida. Masu lambun gida a nan ba a sayar musu da maganin feshi na wannan cuta.

A gida ana nunar da kaya da kabaid. Zai yi a tumatir?

Kada a kusance shi. Iskar da yake fitarwa tana kwaikwayon etilin, amma yana ɗauke da gurɓataccen sinadarin asenik da fosfaras, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan nunar da 'ya'yan itatuwa da shi. Launi yake sauyawa a waje, ciki yana nan ɗanye.

Waɗanda ba za su nuna ba, zubarwa za a yi?

A'a. Koren tumatir yana da sinadarin tomatin, amma ɗan abin da ake ci a girki ba ya cutarwa. Turawan nan suna dafa shi da albasa da tuffa da sukari da ruwan tsami su ajiye a kwalba. A tukunyarmu kuwa ana iya markaɗa kaɗan a haɗa da jan tumatir da tattasai, ko a yanka a miyar ganye inda ake son ɗan tsami.

Ni a Najeriya nake da rumfar leda. Wannan bayani ya shafe ni?

Ma'aunin ɗaya ne, matsalar ce takan juya. A Jos, da ke tudu sama da mita 1,200, daren hunturu yana iya sauka ƙasa da digiri 10, don haka batun rufe rumfa da yamma da lulluɓe shuka ya shafe ku kai tsaye. A Kano da Sakkwato da Maraɗi kuwa, a Maris da Afrilu, zafi ne ke hana ja: da an wuce digiri 30 tumatir yana daina haɗa laikofin, sai ya tsaya ruwan ɗorawa, kafaɗarsa kore da tauri. Maganin nan shi ne ragar inuwa, da ɗaga gefen leda don iska ta wuce, da tsinke wanda ya fara juyawa a ƙarasa shi a ɗaki mai sanyi-sanyi. A watan Agusta kuma, lokacin hadari da laima, shawarar buɗe rumfa da rage ganyen ƙasa ita ce taku.

Me zan sauya baɗi?

A fara da wuri, a kuma zaɓi iri da sanin ƙasar. Attarugu a shuka shi a ɗaki a Janairu ko farkon Fabrairu, a wurin da ƙasar za ta kai digiri 25 zuwa 28, in ba haka ba yana iya yin wata bai tsiro ba. Tumatir na gidan gilashi daga ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Maris, a dasa a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu. Ƙananan iri irin su Sungold da Gardener's Delight suna nuna da wuri ko bazara ta gaza, manya masu nama kuwa su ne na ƙarshe, don haka kada a cika gidan da su. Inda bilait ke yawan zuwa a nemi Crimson Crush ko Mountain Magic, an samar da su ne don jure ta. Dangin barkono kuma a sa su a tukwane maimakon a ƙasa, domin in Oktoba ya zo a iya ɗaukarsu a shigar ɗaki, sannan a datse kan tumatir tun tsakiyar Agusta, kada a jira sai an ga sanyi.